Tilimsan: Ziyarar Birnin Shehu Magili da Ƙaramin Guzuri

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajin tarihin ƙasar Hausa ya ji sunan Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, malamin nan da ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. A ƙarshen sunan nasa akwai wata kalma da akasarinmu kan karanta mu wuce, wato Attilimsani, ma'ana mutumin Tilimsan. Amma in aka shimfiɗa taswira aka ce ɗalibi ya ɗora yatsa a kan Tilimsan, da wuya ya dace. Wannan giɓi ne babba a iliminmu, domin yakan sa tarihinmu ya tsaya cik a bakin hamada, sai ka ce malaman da suka zo mana da littattafan da suka kawo daga sama suka faɗo.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi wannan birni unguwa-unguwa, kamar yadda mai ƙaramin guzuri zai bi shi da ƙafa, ana tafe ana warware tarihinsa. Tilimsan ta dace da irin wannan tafiya saboda dalilai biyu. Na farko, tarihinta a jere yake a ƙasa daga gabas zuwa yamma, kuma mai lafiyar ƙafa zai iya ratsa shi cikin kwana uku. Na biyu, mafi yawan mutanen da suka ɗaukaka sunan birnin da ɗan guzuri suka shige shi ko suka fita daga cikinsa, kuma abin da suka bari ya fi na masu dukiya daɗewa.

Inda Birnin Yake

Tilimsan tana arewa maso yammacin ƙasar Aljeriya, kusa da iyakar Maroko, kimanin kilomita 140 daga birnin Wahran, wanda Turawa ke kira Oran. Tana zaune a gindin wani doron dutse mai suna Lalla Setti, a tudun da ya ɗara gaɓar teku da kimanin mita 800. Daga jikin duwatsun nan maɓuɓɓugan ruwa ke gangarowa, kuma masana da dama na ganin sunan garin kansa ya samo asali ne daga kalmar Barbarci mai nufin idon ruwa. Rumawa da suka kafa sansanin soja a wurin sun raɗa masa suna Pomariya, wato wurin lambuna, saboda yawan itatuwan marmari. Har yau zaitun da ɓaure da inabi da rumman ba su rabu da kewayen birnin ba.

Abin da ya ba Tilimsan muhimmanci shi ne zamanta a mararraba. Hanyar da ta taso daga Fas zuwa Tunis ta nan ta bi. Haka kuma hanyar da ta fito daga ƙasashen baƙar fata, ta ratsa Sijilmasa ko Tuwat, a nan take saukar da kayanta kafin a gangara da su tashar jiragen ruwa ta Hunain. Garin da ke mararraba ba ya rasa arziki, amma kuma ba ya rasa mahara. Waɗannan abubuwa biyu su ne tarihin Tilimsan a dunƙule.

Agadir da Tagrart

Maziyarci ya kamata ya fara daga gabas, daga unguwar da ake kira Agadir, wadda suna kawai ya haɗa ta da birnin Agadir na bakin tekun Maroko. Nan ne tsohon garin yake, a kan kufan Pomariya. A wajen shekarar 790 Miladiyya Idrisu na Ɗaya, wanda ya kafa daular Idrisawa a Maroko, ya shigo garin ya gina masallaci. Masallacin ya rushe, sai tushen gini da masu tono suka fito da shi, amma hasumiyar da aka ƙara masa a ƙarni na goma sha uku tana nan tsaye. Wanda ya matsa kusa da ita zai ga cewa duwatsun da aka aza harsashinta da su daga gine-ginen Rumawa aka ɗebo su, wasu ma da rubutun Latin a jikinsu. Ladan ya daɗe yana kiran salla a kan duwatsun kaburburan sojan Rum. Ganin wannan ba ya bukatar ko sisin kwabo.

Daga nan sai a nausa yamma. A wajen 1082 Yusufu ɗan Tashfin, jagoran Murabiɗun, waɗanda suka taso daga hamadar yamma da rawunansu da amawali, ya kafa sansani a kan tudun da ke kallon Agadir. Aka kira sansanin Tagrart, kuma shi ne ya zama tsakiyar birnin na yanzu. Babban abin da Murabiɗun suka bari shi ne Babban Masallaci, wanda rubutun da ke jikinsa ya nuna an kammala ƙawata shi a shekarar 530 ta Hijira, daidai da 1136, a zamanin Aliyu ɗan Yusufu. Yana cikin 'yan ƙalilan ɗin gine-ginen Murabiɗun da suka tsira. Wurin da ya kamata a tsaya a ɗaga kai shi ne gaban mihirabi. Ƙubbar da ke wurin an ɗaure ta da siraran bakuna masu gicciye juna, aka cike tsakaninsu da farar ƙasa mai huje-huje kamar aikin allura, ta yadda hasken rana ke tsattsafowa ta ciki. Maginan Andalus ne suka kawo wannan fasaha. Masallacin har yau ana salla a cikinsa, don haka matafiyi Musulmi alwala kawai yake bukata.

A 1145 Muwahhidun suka ƙwace garin daga hannun Murabiɗun. Jagoransu, Abdulmumini, ɗan wannan yanki ne, an haife shi a wani ƙauye kusa da Nadroma. A zamaninsu aka ƙarfafa ganuwa, garuruwan biyu suka fara zama birni guda.

Banu Zayyan da Zinarin Kudu

Zamanin ɗaukakar Tilimsan ya fara ne a 1236, lokacin da Yagmurasan ɗan Zayyan, shugaban wata ƙabilar makiyaya ta Zanata, ya yanke biyayya ga Muwahhidun ya mai da birnin fadar daularsa. Ya yi mulki har 1283, zuriyarsa kuma ta riƙe sarauta, da daɗi ba daɗi, fiye da shekara ɗari uku. Marubutan tarihi sun siffanta shi da mutum marar son ƙawa. An ruwaito cewa da fadawa suka so danganta shi da gidan Annabi, sai ya ce in gaskiya ne zai amfane shi a Lahira, amma duniya da takobi ya same ta. Haka kuma da ya gina hasumiyar Agadir da ta Babban Masallaci aka nemi a rubuta sunansa a jikinsu, sai ya ƙi, ya ce da harshensa na Barbarci Allah Ya sani.

Shi ne ya kafa fadar da ake kira Mashwar, wadda ke kudu da Babban Masallaci, tafiyar 'yan mintoci. Abin da mai ziyara zai gani a cikinta yau sabon gini ne a kan tsohon harsashi, wanda aka tayar gab da 2011, shekarar da aka zaɓi Tilimsan a matsayin babban birnin al'adun Musulunci. Yana da kyau ga ido, amma mai neman aikin Banu Zayyan na asali gara ya nufi ɗan ƙaramin masallacin Sidi Bel Hasan, wanda aka gina a 1296, aka mai da shi gidan adana kayan tarihi daga baya. Sassaƙar da ke jikin mihirabinsa tana cikin mafi kyau a duk ƙasashen Magrib.

Da me aka yi waɗannan gine-gine? Da zinarin ƙasashen baƙar fata. Ayarin raƙuma kan taso daga kudu da zinari da hauren giwa da gashin jimina da bayi, su koma da tufafi da tagulla da takarda da dawaki. A tsakiyar birnin akwai wata unguwa mai ganuwa da ƙofofi, Ƙaisariyya, inda fataken Turai daga Kataloniya da Jenowa da Banis ke sauka. Marubucin nan Ahmadu Almaƙƙari, ɗan Tilimsan, mai littafin Nafhuɗ Ɗib, ya adana labarin kakanninsa, 'yan'uwa biyar da suka haɗa jari a ƙarni na goma sha uku. Biyu suka zauna Tilimsan, biyu a Walata, babbansu kuma a Sijilmasa yana aika wa kowane ɓangare labarin farashi. Su suka haƙa rijiyoyi a hanya, suka ɗauki 'yan rakiya don tsaron ayari. Duk wanda ya san yadda gidajen fatake na Kano suka riƙa ajiye ɗa a Gwanja da ƙane a Tarabulus zai gane wannan tsari nan take.

Mansura

Arzikin nan shi ya jawo wa birnin idon maƙwabta, musamman Banu Marin, sarakunan Fas. A 1299 Sarki Abu Yakubu Yusufu ya yi wa Tilimsan ƙawanya, ya zagaye ta da bango don kada kowa ya shiga ko ya fita. Da ya ga abin zai ja lokaci, sai ya gina wa kansa sabon birni sukutum a yamma da ita, da fada da masallaci da kasuwanni da gidajen wanka da asibiti, ya sa masa suna Mansura, wato mai nasara. Fatake suka karkata can, kasuwa ta ci, alhali a cikin Tilimsan yunwa na kashe mutane. Ibn Haldun ya lissafa abin da mutanen birnin suka koma ci, har da kyanwa da kare da ɓera da maciji, kuma kowanne da farashinsa a kasuwa. Sarki Usmanu ɗan Yagmurasan ya rasu ana cikin wannan hali.

Shekara takwas ana haka. A 1307, lokacin da abinci ya ƙare ƙaƙaf, mutanen fada suka yanke shawarar fita su mutu da takobi a hannu, sai ga labari cewa wani bawan cikin gida ya soke Abu Yakubu a ɗakinsa. Rundunar Fas ta naɗe tabarmarta ta koma gida don rigimar gadon sarauta. Mutanen Tilimsan suka fito suka rushe abin da suka iya rushewa na Mansura. Bayan shekara talatin wani sarkin Fas, Abul Hasan, ya dawo, ya sake gina ta, ya ci Tilimsan da yaƙi a 1337. Amma da Banu Zayyan suka komo kan mulki, sai Mansura ta sake zama kufai, aka riƙa kwasar duwatsunta ana gini da su a wasu wurare.

Tafiyar ƙasa da awa guda ce daga tsakiyar gari zuwa Mansura. Abin da ya rage shi ne guntayen ganuwar jar ƙasa da ta kewaye fili mai faɗin kimanin hekta 100, sai kuma hasumiyar masallaci mai tsawon kusan mita 40. Rabinta ya zube daga sama har ƙasa, kamar an tsaga gora, ta yadda in ka tsaya a gabanta sai ka ga cikakkiyar hasumiya mai ado, in ka zagaya baya sai ka tarar da kwanso. A cikin ganuwar kuwa, inda dā fadoji suke, gonakin zaitun ne. Wanda ya zauna a inuwar hasumiyar nan da ɗan burodinsa ya karanta babin Ibn Haldun a kan tashi da faɗuwar dauloli, ba ya bukatar mai yi masa sharhi.

Ubbad

Rana ta gaba sai a hau tudu zuwa kudu maso gabas, kimanin kilomita biyu, zuwa ƙauyen Ubbad. Nan ne hubbaren Shu'aibu Abu Madyana, wanda mutanen gari ke kira Sidi Bumadyan. An haife shi kusa da Ishbiliya a Andalus wajen 1126. Maraya ne, yayyensa suka sa shi kiwon dabbobi, har ya girma bai iya karatun salla ba. Ƙishin ilimi ya sa ya gudu ya haye teku, ya yi ƙodago wurin masunta a Sabta, sannan ya isa Fas inda ya zauna gaban malamai. Daga baya ya yi zamansa a Bijaya, almajirai suka taru gare shi har sarkin Muwahhidun ya tsargu, ya aika a kawo shi Marrakush. A kan hanya ajali ya cim masa kusa da Tilimsan a 1198, aka binne shi a Ubbad. Ana lissafa shi cikin manyan shehunan sufanci na Magrib, har Ibn Arabi kan ambace shi da girmamawa a rubuce-rubucensa.

Abin lura shi ne, Abul Hasan ɗin nan da ya ci Tilimsan da takobi, shi ne ya gina masallaci kusa da kabarin wannan tsohon makiyayi a 1339, ya ƙara da makaranta a 1347. Ƙofar masallacin, mai matakala da ganyayen katako da aka lulluɓe da tagulla, tana cikin abubuwan da ake zuwa gani daga nesa. Fadar da sarkin ya gina wa kansa a Mansura ta tafi, amma abin da ya gina don maraya yana nan ana salla a ciki.

Makarantar Ubbad tana da ɗakuna ƙanana a jere kewaye da tsakar gida, inda ɗalibai baƙi ke kwana, ana ciyar da su daga dukiyar waƙafi. Tilimsan ta mallaki irin waɗannan makarantu da dama, kamar ta Aulad Al'imam da Tashfiniyya da Yakubiyya. A nan Ubbad Ibn Haldun ya fake a cikin shekarun 1370, lokacin da ya gaji da hidimar sarakuna, ya koma karatu da karantarwa. Daga nan ya wuce Ƙal'at Ibn Salama a 1375, inda ya rubuta Muƙaddima. Ƙanensa Yahaya kuwa ya zauna a fada yana magatakardan Sarki Abu Hammu Musa na Biyu, ya rubuta tarihin Banu Zayyan, aka kuma kashe shi cikin makircin fada. Shi wannan Abu Hammu, wanda ya yi mulki daga 1359 zuwa 1389, mawaƙi ne, kuma ya wallafa wa ɗansa littafi a kan dabarun mulki mai suna Wasiɗatus Suluk. Ke nan rubuta wa sarakuna nasiha al'ada ce da ta riga ta kafu a Tilimsan tun kafin a haifi Shehu Magili.

Sanusi da Magili

A kan hanyar saukowa daga Ubbad akwai wata babbar maƙabarta mai dogayen itatuwa, wadda ke ɗauke da sunan Sidi Sanusi. Wannan shi ne Muhammadu ɗan Yusufu Assanusi, wanda ya rasu a 1490, kuma dabam yake da mai ɗariƙar Sanusiyya na ƙarni na goma sha tara. Shi ne mawallafin Ummul Barahina, ɗan littafin tauhidin nan da bai wuce 'yan warƙoƙi ba, wanda ya tsara siffofi ashirin da suka wajaba ga Allah da kishiyoyinsu da hujjojinsu na hankali. Littafin ya ratsa hamada ya zama abin farawa a makarantun zaure, malamai suka yi masa sharhi, aka juya ma'anoninsa cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci. Tsohuwar da ke jero siffofin Ubangiji a ƙauyen Katsina, ko ba ta taɓa jin sunan Tilimsan ba, daga rijiyar wannan birni take sha.

Shehu Magili tsaran Sanusi ne. An haife shi a yankin Tilimsan wajen 1440, ya yi karatu wurin malamai irin su Abdurrahman Assa'alibi na birnin Aljaza'ir, sannan ya bar gida ya koma Tamanɗiɗ a Tuwat, babban zangon fatake a tsakiyar hamada. A can ya tayar da rigimar da tarihi bai manta ba. Ya yi fatawar cewa Yahudawan garin sun warware alkawarin zaman amana, don haka a rushe wurin ibadarsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Al'asnuni, ya ƙi yarda, aka aika tambaya ga malaman Fas da Tunis da Tilimsan. Malaman Tilimsan kansu suka rabu. Attanasi ya goyi bayan Magili, Sanusi ya yaba da amsarsa, amma muftin birnin, Ibn Zakri, ya hana. Duk da haka Magili ya sa aka rushe wurin, aka kashe mutane da dama, sauran suka watse. Wajibi ne ɗalibin tarihi ya san wannan tare da sanin alherin malamin, ya kuma san cewa a birnin da ya haife shi an sami masu ilimin da suka ce masa a'a. Kabarin Rabbi Ifraimu Alnakawa, wanda ya rasu a 1442, yana nan a Tilimsan, shaida ce ta daɗewar zaman Yahudawa a ƙarƙashin Banu Zayyan.

Daga Tuwat Magili ya yi kudu, ya bi ta Azbin, ya karantar a Takadda, ya shiga Katsina da Kano. Ya rubuta wa Rumfa wasiƙa a wajen 1492 a kan hani da mummunan aiki, da kuma littafin nan mai babi takwas da aka fi sani da Tajuddini, wanda ke maimaita gargaɗi ga sarkin da ke ɓuya ga talakawansa. Sharifan Kano suna danganta kansu da ɗansa, Sidi Fari. Daga baya ya tafi Gawo ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu, ya koma Tuwat ya rasu wajen 1504. Bayan shekara ɗari uku Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi suka kafa hujja da waɗannan rubuce-rubuce wajen jihadi da tsara mulki. A Tilimsan maziyarci ba zai tarar da kabarin Magili ba, amma zai ga masallatan da irinsa suka yi karatu a ciki, da tudun da ayari ke gangarawa in an nufi kudu.

Faɗuwa da Abin da Ya Biyo Baya

Lokacin da Magili ke Kano, rana ta riga ta karkata ga Tilimsan. Jiragen Fotugal sun fara janye zinari zuwa gaɓar tekun yamma. Sifaniyawa suka kama Wahran a 1509, Turkawa suka kafu a Aljaza'ir, sarakunan Banu Zayyan suka zama 'yan amshin shata, yau ga wannan gobe ga wancan, har Turkawa suka kawo ƙarshen daular a wajen 1554. Faransawa suka shiga birnin a 1836, suka bar wa Amir Abdulƙadir shi bisa yarjejeniyar Tafna ta 1837, suka sake ƙwace shi a 1842. Suka mai da Mashwar barikin soja, suka tsaga tituna cikin tsohon gari, a shekarun 1870 kuma suka rushe makarantar Tashfiniyya don su sami filin ma'aikatar gari. A 1911 ɗaruruwan mutanen birnin suka yi hijira zuwa Sham don gudun a ɗauki 'ya'yansu aikin sojan Faransa.

Duk da haka garin bai daina haihuwa ba. A nan aka haifi Masali Alhaji a 1898, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kiran 'yancin Aljeriya, wanda aka samu a 1962. A nan kuma aka haifi marubuci Muhammad Dib a 1920. Littafinsa na farko, La Grande Maison, wanda ya fito a 1952, labarin wani yaro ne mai suna Umar da ke zaune a gidan haya mai cunkoso a Tilimsan, wanda ba abin da ke ransa dare da rana sai burodi. Ɗalibin adabi ya kamata ya karanta shi kafin ya tashi, domin zai nuna masa talakan birnin da littattafan sarakuna suka tsallake.

Batun Guzuri

Kuɗin jirgin sama da na biza su ne kaso mafi tsoka, kuma ɗan Nijeriya sai ya nemi biza a ofishin jakadancin Aljeriya kafin ya tashi. Kada kwaɗayin araha ya sa kowa ya bi sawun Magili ta hamada, domin hanyar Agadas zuwa Tamanrasat ta ci rayuka da yawa. Haka kuma ba a shigowa ta ƙasa daga Fas, saboda iyakar Aljeriya da Maroko a rufe take tun 1994. Hanya mai sauƙi ita ce a sauka Aljaza'ir ko Wahran. Daga Wahran akwai jirgin ƙasa da bas da tasin haɗaka, tafiyar awa biyu zuwa uku.

Da zarar an isa, nauyi ya ragu. Dinarin Aljeriya a cikin ƙasar ake samunsa, kuma ciniki hannu da hannu ya fi yawa, don haka a riƙe Yuro a canza can. Akwai masaukin matasa da gwamnati ke kula da su, da ƙananan otal-otal a tsakiyar gari, waɗanda suka fi dacewa da mai yawo da ƙafa. Burodi yana da araha ƙwarai domin gwamnati na tallafa masa. In aka haɗa shi da zaitun, ko da karantika, wani gashin garin wake da ake sayarwa a bakin titi, ko da kwanon miyar harira, an wuce batun yunwa. Masallatai da hubbarori ba a biyan kuɗin shiga, gidajen tarihi kuwa abin da ake karɓa kaɗan ne. Larabcin makaranta yana biyan bukata, ko da yake mutanen gari nasu Larabcin suke yi, gauraye da Faransanci. Juma'a da Asabar su ne ranakun hutu, a ranar Juma'a kuma kasuwa kan yi tsit. Watannin Maris zuwa Mayu sun fi dacewa, domin sanyin hunturu a kan tudun nan ya wuce na Jos nesa, har dusar ƙanƙara kan zuba. Wanda ya rage 'yan kuɗi sai ya hau Lalla Setti da la'asar sakaliya, ya hango Agadir da Mansura da Ubbad gaba ɗaya a ƙarƙashinsa.

Kammalawa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, suna kuma cewa gani ya kori ji. Shekara da shekaru muna karanta Magili da Sanusi a matsayin sunaye a bangon littafi, alhali mutane ne da suka fito daga gari mai kasuwa da yunwa da gardama. Sanin garin yana gyara fahimtar littattafan. Ya kamata sassan Hausa da na tarihi da na Larabci a jami'o'inmu su nemi ƙulla zumunci da Jami'ar Abubakar Belƙayid ta Tilimsan, ko da ɗalibi ɗaya ne za a riƙa turawa a shekara ya duba rubuce-rubucen hannu da ke can, a gwada su da waɗanda ke Kano da Katsina da Sakkwato. Abu Madyana da sandar kiwo ya fara tafiyarsa, Magili kuma a bayan raƙumi ya iso mana. Ɗalibin yau da zai yi tattalin alawus ɗinsa ya je ya gano inda suka fito, bashin ziyara ne na shekara ɗari biyar zai biya.